Murfin da Mathurin Ya Ciro Daga Toka

Ku yaran yanzu, ku zauna wuri ɗaya. Na ce ku zauna. Ba ku iya jiran miya ta huce, sai kun ƙona harshe sannan ku juyo kuna zagin mai girki. Komai a tsaye kuke yinsa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san abin da gaggawa ta ci a garin nan, kuma yau sai kun ji shi har ƙarshe.

Akwai wani mai sana'a a nan Blois, tun zamanin da agogo ke da hannu ɗaya tak, ana ce masa Mathurin. Zanen wuta yake yi a kan murfin agogon aljihu. A daka gilashi mai launi ya zama gari, a wanke shi, a shafa a kan zinariya da ɗan burushi, a sa a tanderu ya narke ya kama. Kowane launi da tasa wutar. Mai jure zafi da shi ake farawa, ja kuwa sai a ƙarshe, don ba ya son wuta ta daɗe a kansa.

Hannun Mathurin ba a magana. A kan murfin da bai fi bakin ƙaramin kofi ba, sai ya zana mace har ka ga jijiyar wuyanta. Amma mutumin ba ya zama. In yana kan kujera ƙafarsa na rawa. In ƙararrawar coci ta buga sai ya ɗaga kai kamar shi ake kira. Sau uku a yini sai ya je kan gada ya tsaya yana kallon jiragen ruwan da ke haurawa Orléans, don daga can ake kama hanyar Paris.

Shagon ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, Inna Guillemette, wadda mijinta ya mutu ya bar mata tanderu da 'ya'ya mata biyu. Mathurin ya auri babbar, Perrine, ya shekara tara yana aiki a ƙarƙashin hatimin mamacin.

Abin da yake nema a duniya shi ne nasa hatimin, ɗan ƙarfen nan da dattawan sana'a ke ba mutum ya riƙa buga sunansa a jikin aikinsa. Wani mai kanti a Paris ya aiko masa cewa akwai teburi yana jiransa, in dai ya zo da hatimi kafin bikin Ista. Dattawan kuwa sau ɗaya suke zama a shekara, ranar Waliyyi Éloi, ɗaya ga Disamba. Ka kawo aikin gwaji a ranar, ko ka jira baɗi.

Inna Guillemette tana da doka ɗaya da ba ta da sassauci a kanta. Duk aikin da ya fito daga wutar ƙarshe, sai a binne shi a toka mai ɗumi a bakin tanderu, ya yini ya kwana, ba mai taɓa shi.

Takan ce, "Zinariya da gilashi ba tare suke hucewa ba. Ɗaya na sauri, ɗaya na nawa. Toka ce ke sasanta su. Ka raba su da ita, su yi faɗa a ɓoye."

Mathurin ya ce, "Inna, a Paris an daina wannan."

"Wa ya gaya maka?"

"Haka ake faɗa."

"To sai ka je can ka tambayi gilashinsu ko shi ma ya ji labarin."

Wata rana a farkon kaka, wani tsoho mai jiragen dakon gishiri, Baba Anselme, ya shigo shagon da ƙulli a hannu. Ya kwance shi a kan teburi. Sarƙar zinariya ce da 'yan kunne biyu. Sannan ya zaro wata takarda daga ƙirjinsa, ya shimfiɗa ta a hankali kamar zai shimfiɗa jariri.

Fuskar mace ce aka zana da gawayi. Mai faɗin goshi, da tabon Allah a gefen hanci, bakinta kamar tana shirin yi wa wani faɗa.

Anselme ya ce, "Radegonde ke nan. Bara ta rasu. Wani mai zane ya taɓa hawa jirgina ba shi da kuɗin jirgi, ya biya da wannan. Ita kaɗai ce fuskarta da ta rage a duniya."

Inna Guillemette ta ce, "Na san ta. Ta taɓa zagina a kasuwa a kan kabeji."

"Ke sau ɗaya ke nan. Ni shekara talatin da ɗaya tana ce mini na makara. Na makara cin abinci, na makara coci, ranar ɗaurin aurenmu ma na makara. Ku narka mini zinariyarta ku yi agogo, ku sa fuskarta a murfi. In na ciro shi in ga lokaci, ta ci gaba da hararata."

Suka yi dariya. Shi ma ya yi, sannan ya goge hanci da bakin hannun riga.

Ya dubi Mathurin ya ce, "Ɗana, takardar nan aro na ba ka. Ka dawo mini da ita yadda take."

"Baba, ko ƙura ba za ta hau ta ba."

A nan take Mathurin ya ƙudura a ransa cewa wannan shi ne aikin gwajinsa.

Kayan cikin agogon aka ba Baba Barnabé, wanda shagonsa ke layi na gaba. Shi ke yanka ƙananan haƙoran ƙarfe da hannu, ɗaya bayan ɗaya, shekara arba'in ke nan. Idonsa ya fara rauni, hannunsa na ɗan karkarwa da safe, amma har lokacin babu agogonsa da aka taɓa dawowa da shi.

Ya ce wa Mathurin, "Dattawa Asabar za su zauna. Ni kuwa haɗa murfi da ciki kwana biyu cur yake ɗaukar mini. Laraba da tsakar rana zan zo in karɓa. In ya wuce haka, kada ka ga laifina."

Aiki ya tafi daidai. Fari ya kama, shuɗin riga ya kama, baƙin gashi ya kama. Saura jan leɓe da na kumatu. Sai ga saƙo daga ƙetaren kogi cewa ƙanwar Perrine na naƙuda. Inna Guillemette da Perrine suka ɗaura kaya ranar Lahadi.

A bakin ƙofa tsohuwar ta juyo ta ce, "Ka shigar da gawayin nan ciki, hadari na haɗuwa. Kuma ka ji ni da kyau. In wutar ƙarshe ba ta samu ba zuwa Talata da rana, ka haƙura sai baɗi. Ka jira shekara tara, ɗaya ba za ta kashe ka ba."

"Na ji, Inna."

Bai shigar da gawayin ba. Yana kan gada yana tambayar wani matuƙi kwana nawa ake yi zuwa Orléans lokacin da ruwa ya kece. Litinin gawayi jiƙe. Talata ya hura ya hura, hayaƙi kawai. Ya zaga gidajen maƙera, kowa na ta nasa aikin gwajin, babu mai ba da ko dunƙule. Sai Laraba da safe wuta ta tashi yadda ake so.

Ya sa murfin, ya karanta Addu'ar Ubanmu sau biyu yadda ake auna wutar ja, ya ciro. Ya duba. Radegonde ce sak, har da hararar. Ya tura ta cikin toka ya rufe.

Sannan ya shiga zirga-zirga. Daga tanderu zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Ƙararrawa ta buga goma. Ya zauna, ya tashi. Ta buga sha ɗaya. Ya ce a ransa, tsohuwar nan tsoro ne kawai irin na mutanen da. Wa ya taɓa ganin zinariya na faɗa da gilashi? Shekara guda cur saboda ɗan mudun toka?

Ya ɗauki awartaki ya tona.

Murfin na bakin awartaki da zafinsa, sai aka buga ƙofa.

"Mathurin! Buɗe, sanyi zai karya mini ƙashi."

Barnabé ne. Mathurin ya dire murfin a kan teburi bai duba ba. Kafin ya juya sai ya ji ƙauri. A kan takardar Anselme ya ɗora shi. Ya fizge murfin, amma an riga an gama. Inda fuskar take ya zama rami zagayayye mai baƙin baki. Gashi ya rage, da wuyan riga.

Ya kai murfin kan dutsen taga inda iska mai sanyi ke shigowa. Ya ji wani ɗan sauti, ƙis, kamar an taka ƙwayar yashi. Ya kafa ido. Babu komai. Fuskar na nan lafiya, tana sheƙi.

"Kai, ka mutu ne a ciki?"

Ya ninke takardar ya cusa a ƙarƙashin turmin da ake daka gilashi, ya buɗe ƙofa.

Barnabé ya shigo yana murza hannu. "Ƙaurin me nake ji?"

"Tsumma ne ya faɗa wuta."

Ya riƙe tsohon da surutu har murfin ya yi sanyi, sannan ya naɗe shi ya raka shi shagonsa. Barnabé ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yaro, Allah ya ba ka hannu. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Da Mathurin ya koma gida yana sauri don ya jefa takardar a wuta, sai ya tarar da Inna Guillemette zaune a gaban turmi tana daka. An haihu lafiya tun jiya, ta baro Perrine can ta dawo.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ina aikin?"

"Yana wurin Baba Barnabé."

"Yaushe ya sha wutar ƙarshe?"

"Talata da safe."

"Tanderu kuwa har yanzu da ɗumi."

"Wasu launuka na gwada ɗazu."

Ta ci gaba da daka.  Da ta tashi shiga kicin, ya ɗaga turmin. Babu takarda.

Ya duba ƙasan teburi, ya duba kwandon itace, ya zazzage aljihunsa. Ya ce wa kansa ƙila ba a nan ya sa ta ba. Ƙila iska ta ɗauke ta. Ƙila. Ya saci kallon tsohuwar wajen cin abinci, ita kuwa tana tsoma burodinta a miyar kabeji kamar kullum.

Asabar dattawa suka zauna. Agogon ya zaga hannu bakwai, kowa ya sa gilashin ido ya duba. Babu wanda ya sami abin cewa. Aka miƙa wa Mathurin hatimi mai harufan sunansa, ya buga shi a cikin murfin a gaban kowa.

Anselme ya karɓi agogonsa ya kafa masa ido.  Can ya ce, "To, na ji. Na makara." Ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Da zai tafi ya ce, "Takardata fa, ɗana?"

"Tana shago, Baba. Zan kawo maka har gida."

Wanda ya sami abin da ya shekara tara yana nema ai sai ya kwanta ya huta. Mathurin kuwa sai rawar ƙafar ta ƙaru. So yake ya bar garin kafin wani abu ya faru. Ya haɗa akwati tun Perrine ba ta gama wanke kayanta ba.

Ta ce, "Wai korarmu aka yi ne? Ista fa da saura wata huɗu."

"Ke dai ki haɗa kaya."

"Ka daina cin abinci, ka daina kallon Inna a ido. Me ka yi?"

"Na ce ki haɗa kaya!"

Sai sanyi ya sauko irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da shi tun suna yara. Ƙanƙara ta fara gangarowa a kogi, manya-manya kamar ƙofofi. Aka ɗaure jirage duka. Hanyar ƙasa kuwa ba ta biyuwa da mace da kaya.

Kullum Mathurin na bakin kogi. Kuma wa zai tambaya in ba mai jirage ba?

"Baba Anselme, yaushe za a saki jirgi?"

"Ka tambayi kogin, ni ɗan aikensa ne. Ina takardata?"

"Af, na manta. Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce. Kai ma Radegonde ta dace da kai."

Tsohon ya ciro agogon ya nuna wa ma'aikatansa, ya mayar. Duk ciro shi da zai yi, sai Mathurin ya kau da kai.

Ana cikin sati na biyu na Janairu, da hantsi, Mathurin na shago yana kai da kawowa, aka banko ƙofa. Anselme ne, ba hula. Ya ajiye agogon a teburi.

Murfin ya tsage daga goshi zuwa haɓa. Tsakiyarsa ya ɓalle. Babu idanu, babu hanci, babu tabon. Zinariya ce tsirara a wurin.

Ya ce, "Daga aljihu na ciro shi, ina tsaye a kan jirgi. Ban buga shi da komai ba. Na ji ƙas, na ga abu ya yi tsalle ya faɗa ruwa tsakanin ƙanƙara. Na sa hannu har kafaɗa." Ya nuna hannun rigarsa da ya daskare. "Ba komai. Zinariya tana nan. Ɗauko takardar ka sake mini."

Inna Guillemette ta ajiye taɓarya. Ta dubi Mathurin. Wannan ce ƙofa ta farko da aka buɗe masa ta faɗin gaskiya.

Ya ɗauki agogon ya juya shi, ya ce, "Baba, kafin a sake, sai an san abin da ya jawo. Dubi nan wajen maratayi, inda murfi ya haɗu da ciki. An matse shi da yawa. Wanda ya haɗa ciki da murfi ya danne shi da ƙarfi, gilashi kuwa ba ya son matsi."

"Barnabé?"

"Ni ban ambaci suna ba. Amma kowa ya san hannunsa ya fara rawa."

Magana ta kai kunnen dattawa, suka sa ranar Juma'a. A sana'ar nan, in aka tabbatar hannun mutum ya lalace har yana ɓata aikin wasu, karɓe hatiminsa ake yi. Barnabé ba shi da ɗa ba shi da gona. Teburin nan shi ne abincinsa.

Ranar Alhamis ya zo shagon da kansa, riƙe da hularsa.

Ya ce, "Mathurin, na yini ina tunani. Ban tuna na matsa ba. Amma ido ya tafi, ɗana, mai yiwuwa ni ne. In ni ne, ka yafe mini, na ɓata maka aikin da ba a taɓa yin irinsa ba."

Ƙofa ta biyu ke nan. Mathurin ya dubi ƙasa ya ce, "Ba komai, Baba. Tsufa ne."

Juma'a da safe yana ɗaura takalmi, igiyar ta tsinke a hannunsa sau biyu. Inna Guillemette na tsaye da mayafinta.

Ta ce, "Talata ka ce ko?"

"Me?"

"Wutar ƙarshe. Talata da safe ka ce."

"Inna, na gaya miki tun tuni."

"Na tsufa, ina mantuwa. Sake gaya mini."

Ya ƙulla igiyar yana lissafi. An ce ƙanƙara ta fara sakin kogi, jirgin farko zai tashi Litinin. Kwana uku kacal.

Ya ce, "Talata."

"To. Mu je."

A zauren dattawa aka ajiye agogon a tsakiyar teburi. Mathurin ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, don ya yi ta maimaita shi a ransa. Aka ce Barnabé ya miƙa hannu a gani. Ya miƙa. Tsoro da sanyi suka haɗu, yatsun suka yi ta kaɗawa kamar ganye. Dattawa suka dubi juna. Babbansu ya yi gyaran murya.

Sai Inna Guillemette ta tashi daga bencin baya.

Babban ya ce, "Guillemette, ba a kira ki ba."

"Na sani. Mijina ya zauna a kujerar da kake kai shekara goma sha ɗaya, ka bar ni in wuce."

Ta zo gaban teburi, ta zaro ninkakkiyar takarda daga ɗamararta, ta warware. Ta ɗora ta a kan agogon. Murfin ya shige ramin daidai, ba ragi ba ƙari, kamar don shi aka yanka.

Ta ce, "Murfin da ya yini ya kwana a toka, jariri ma zai riƙe shi. Ku gaya mini yadda aka yi ya ƙona takarda."

 Anselme ya matso, ya sa yatsa a bakin ramin, ya bi shi zagaye. Ya dubi gashin, ya dubi wuyan rigar.

Ya ce, "Ina fuskar?"

Ya juyo.

"Mathurin, ina fuskar matata?"

A nan ƙafar Mathurin ta daina rawa. Ya faɗi komai, tun daga gawayi har zuwa dutsen taga.

Babban dattawan ya juya ga tsohuwar. "Ke kuma tun yaushe take hannunki?"

"Tun ranar. Na yi shiru saboda 'yata, ina cewa zai faɗa da bakinsa. Da na yi magana a lokacin, da fuskar na nan a murfi, da an kwafe ta kafin ta fashe. Wannan laifina ne, ku rubuta shi a kaina. Amma ba zan zauna a ci naman Barnabé ina kallo ba."

 Barnabé ya sa hularsa, ya bi ta gefen Mathurin ya fita. Har ya mutu bai sake gaishe shi ba, bai kuma taɓa zaginsa ba.

Aka karɓi hatimin Mathurin, aka ɗora a kan maƙera, aka daka shi da guduma har harufan suka baje. Sati shida ya yi a hannunsa. Aka ce ba zai ƙara kawo aikin gwaji a garin ba, aka kuma rubuta wa dattawan Paris.

Bisa al'ada, lalataccen aikin ma farfasa shi ake yi a ƙofar shago. Anselme ya dafe agogon da hannu biyu.

Ya ce, "Wanda ya taɓa shi sai na jefa shi a kogi. Zinariyarta ce. Kuma ni ban gama da yaron nan ba. Shi kaɗai ne ya yi wata biyu yana kallon fuskarta kullum. Zai zauna ya tuno ta. Ni in faɗa, shi ya zana, har sai ta dawo."

Litinin jirgin farko ya tashi. Mathurin bai je kan gada ba.

Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan coci, Anselme na zuwa shago ya ja kujera.

"Goshin ya fi haka faɗi. A'a, ka yi yawa. Idon nan na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta. Kai, wannan ai matar mai burodi ce!"

Mathurin ya goge ya sake. In sun daidaita a takarda, sai ya ɗora a kan tagulla, launi bayan launi, wuta bayan wuta. In ya binne a toka, sai ya ɗauko kujera ya zauna a gabanta, don Inna Guillemette ta ce ba za ta ƙara yarda da shi a bayan idonta ba sai ta gan shi zaune. Washegari a tono, a kai wa Anselme.

Tsohon ya duba ya duba, ya miƙo. "Kyakkyawa ce. Amma ba ita ba ce."

Abin da ya fi ciwo, shi ma Anselme fuskar ta fara ɓace masa. Wata Lahadi ya ce tabon a dama yake, wata Lahadi ya ce a hagu. Ranar da ya gane haka, ya zauna ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, Mathurin na riƙe da burushi bai san inda zai sa kansa ba.

Shekara bakwai suka yi a haka. Fuska goma sha ɗaya. Ko ɗaya ba a karɓa ba.

Da Anselme ya rasu, aka binne shi da agogon nan mara idanu a aljihunsa, yadda ya yi wasiyya. Fuskokin goma sha ɗaya kuwa Perrine ta jera su a kan katako a saman tanderu, inda mijinta zai riƙa ganinsu duk ya ɗaga kai.

Mathurin ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya. Ya yi zanen da har gobe masu kuɗi ke nema, amma duk a ƙarƙashin hatimin wasu. Bai taka Paris ba, Orléans ma bai je ba. Yini ɗaya da kwana ɗaya ya ƙi jira, ya biya da sunansa. Ku bincika duk agogon da ya fito daga garin nan, ba za ku same shi ba sai a cikin guda ɗaya, shi ma yana kabari.

Darasi: Aikin da ka yi wa gaggawa a ɓoye, a bainar jama'a zai fashe, kuma ba kai kaɗai zai yanka ba. In ka yi kuskure, faɗe shi tun ana iya gyarawa, kada ka ɗora wa mai rauni don ka tsira. Ku kai wannan labari ga duk wani mai rawar ƙafa da kuka sani, ku ce ni na ce ya bar abu ya huce.